Me Ke Jawo Sauyin Jiki Da Na Rai Kafin Zuwan Al'ada?

*Sama da shekara 90 ana neman laifin a cikin jinin mace. Hujja mafi ƙarfi tana nuni ga wani wuri dabam, kuma sanin wurin yana da amfani ga mace da mijinta da likitanta.*

Mata da yawa suna sanin al'adarsu na tafe tun kafin su ga ɗigon jini. Idan ya rage mako guda ko kwana goma, sai nono ya yi nauyi yana tsami, ciki ya kumbura, kai ya riƙa sarawa, barci ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, kwaɗayin zaƙi da maiƙo ya taso. Ga wasu abin ba ya tsayawa a jiki. Maganar da jiya suka yi wa dariya, yau ita ce za ta harzuƙa su. Hawaye ya zubo babu wani babban dalili. Zuciya ta cika da ƙunci da fargaba. Da jini ya sauka, cikin 'yan kwanaki sai komai ya lafa, sai kuma wani watan.

Likitoci suna taƙaita sunan wannan tarin alamomi da PMS, wato matsalolin gabanin haila. Idan abin ya yi tsananin da zai hana mace aiki ko karatu ko zaman lafiya da mutanen gidanta, kuma ɓacin rai ne ya fi rinjaye, sai su kira shi PMDD. Mafi yawan mata masu al'ada suna jin wani abu daga cikin alamomin, amma waɗanda abin ke kayarwa kaɗan ne. Wani nazari da masana na Jami'ar Oxford suka jagoranta, wanda ya fito a 2024, ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya samu cewa idan aka bi ƙa'idar tantancewa sau da ƙafa, kimanin kashi 1.6 cikin 100 na mata ne ke da nau'in mai tsanani. A ido adadin ƙarami ne, amma a faɗin duniya ya kai kusan mata miliyan 31.

Bayani iri biyu ne suka fi yawo a bakin mutane. Na farko yana ɗora laifin a kan halin macen: shagwaɓa ce, ko rashin haƙuri, ko kuma, idan abin ya yi ƙamari, a ce iska ce ta taɓa ta. Na biyu yana ɗora shi a kan wata ɓarna a cikin jiki: dattin mahaifa, ko sanyi, ko jinin da ya taru bai fita ba, ko kuma, a sabon yayi, a ce sinadaran homon ɗinta sun rikice. Bayani na farko yana jawo wa mace zargi, na biyu yana jawo mata asarar kuɗi a wajen masu sayar da magani. Abin da bincike ya tara ya saɓa wa dukkansu. A wajen mafi yawan matan da ke fama da wannan matsala, homon ɗinsu lafiya ƙalau yake, yana hawa yana sauka kamar na kowace mace. Abin da ya bambanta su shi ne yadda ƙwaƙwalwarsu ke karɓar wannan hawa da sauka.

Yadda watan mace yake tafiya

Zagayen al'ada yakan ɗauki kwana 21 zuwa 35 a wajen mafi yawan mata, kuma ya kasu gida biyu. Kashi na farko yana farawa daga ranar da jini ya sauka. A cikinsa gidan ƙwai yana renon ƙwan da zai fito, sinadarin istrojin yana ƙaruwa a hankali. Sai ƙwan ya fito. Gurbin da ya bari ba ya zama haka nan, yakan rikiɗe ya zama wani ɗan ƙullutu mai samar da sinadari na biyu, wato furojestaron, wanda aikinsa shi ne shirya shimfiɗar mahaifa domin karɓar ciki. Wannan kashi na biyu yakan ɗauki kimanin kwana 14. Idan ciki bai shiga ba, ƙullutun ya shanye, sinadaran biyu su faɗi ƙasa, shimfiɗar ta zube a matsayin jinin haila.

Matsalolin gabanin haila suna zaune ne a cikin wannan kashi na biyu. Yarinyar da ba ta balaga ba ba ta san su ba. Mai juna biyu takan huta da su. Wadda ta daina al'ada ta rabu da su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin gidan ƙwai yana da hannu.

Akwai kuma hujjar da ta wanke mahaifa da jinin da ke cikinta. An lura tun farkon shekarun 1980 cewa matan da aka cire wa mahaifa aka bar musu gidan ƙwai, duk da cewa ba sa ganin jini, alamomin sukan ci gaba da zuwa musu wata-wata. A 1991 wasu masana a Amurka suka ba mata wani magani da ya saukar musu da jini kafin lokacinsa, amma alamomin ba su gusa daga kwanakin da suka saba zuwa ba. Ashe maganar jinin da ya taru ko dattin da ya maƙale ba ta da madafa. Ya kamata kuma a raba wannan matsala da ciwon mara mai zuwa tare da jini. Shi wannan matsewar mahaifa ce ke jawo shi, saboda wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, kuma maganinsa dabam ne.

Zato na farko: homon ya yi yawa ko ya yi kaɗan

Wanda ya fara shigar da batun cikin rubuce-rubucen likitanci na zamani shi ne Robert Frank, likitan mata a birnin Niyok, a 1931. Zatonsa shi ne homon na mata ne ke taruwa ya yi yawa a jini kafin haila. Saboda haka ya nemi hanyoyin fitar da shi daga jiki, kuma ga waɗanda abin ya fi tsananta ya kai ga tsayar da aikin gidan ƙwai gaba ɗaya.

Bayan shekara 22, a 1953, wata likita a Ingila mai suna Katharina Dalton, tare da abokin aikinta Raymond Greene, suka wallafa maƙalar da ta raɗa wa matsalar sunan da ake kiranta da shi yau. Dalton ta lura da cewa ciwon kan da ke addabarta kafin haila ya ɗauke lokacin da take da ciki, lokacin da furojestaron ke cika jini. Daga nan ta yi imani da cewa ƙarancin furojestaron ne tushen matsalar, ta kuma shafe shekaru masu yawa tana ba mata shi a matsayin magani. Tasirinta ya kai har kotu: a 1980 da 1981 ta ba da shaida a shari'o'in kisan kai guda biyu a Ingila, inda aka sassauta wa matan da ake tuhuma hukunci saboda larurar gabanin haila.

Dalton ta cancanci yabo, domin ita ce ta tilasta wa likitoci su saurari koken da suka daɗe suna yi wa kallon raini. Sai dai bayaninta bai tsallake gwaji ba. Da aka riƙa auna jinin matan da ke da matsalar ana kwatanta shi da na waɗanda ba su da ita, ba a samu wani tsayayyen bambanci a yawan istrojin ko furojestaron ba. Da aka gwada furojestaron a gefe guda da ƙwayar bogi marar magani a ɗaya gefen, bai nuna fifikon a zo a gani ba. Wani nazari da ya tattara waɗannan gwaje-gwaje, wanda mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2001, ya ƙare a kan cewa hujjar ba ta goyi bayan amfani da shi ba.

Abin mamaki shi ne zaton da gwaji ya rushe shi ne har yanzu ya fi kasuwa. Duk mai tallar maganin "daidaita homon" yana cin gajiyar ra'ayin Frank da Dalton ne, ko ya san sunayensu ko bai sani ba.

Gwajin da ya sauya tambayar

Idan homon bai yi yawa ba bai kuma yi kaɗan ba, amma matsalar ba ta zuwa sai gidan ƙwai na aiki, to ina bakin zaren? Amsar da ta fi gamsarwa ta fito daga cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, a wani aiki da Peter Schmidt da David Rubinow da abokan aikinsu suka wallafa a 1998.

Dabarar da suka bi mai sauƙin fahimta ce. Suka yi wa mata masu matsalar wata allura da ke kwantar da gidan ƙwai na ɗan lokaci, kamar mace ta daina al'ada. A wajen mata 10 cikin 18 alamomin suka ragu ƙwarai. Daga nan sai aka riƙa mayar wa waɗannan 10 da homon ɗaya bayan ɗaya, istrojin a wani lokaci, furojestaron a wani lokaci, gwargwadon abin da jiki ke samarwa da kansa. Sai baƙin ciki da fargaba da saurin fushi suka dawo. Aka yi wa mata 15 marasa matsalar irin wannan allura, aka mayar musu da irin wannan homon, yanayin ransu bai motsa ba.

Sinadari ɗaya, gwargwado ɗaya, amma sakamako biyu. Misalinsa kamar ƙurar hunturu ce: kowa a gari yana shaƙarta, amma mai asma ne numfashinsa ke sarƙewa. Ba a cewa ƙurar gidansa ta fi ta maƙwabcinsa yawa, kuma ba a cewa ƙarya yake yi.

A 2017 masanan suka ƙara haske. Suka sake kwantar da gidan ƙwai, suka mayar da homon, amma a wannan karon suka riƙe shi a mataki ɗaya har wata uku. Alamomin suka taso a watan farko, lokacin da jiki ya ji sauyin, sannan suka lafa a wata na biyu da na uku duk da cewa homon na nan a jini. Wato motsin ne ke tayar da matsalar, ba zaman sinadarin a jiki ba. Wannan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa mai juna biyu, wadda jininta ke cike da homon, takan samu sauƙi.

Akwai darasi na biyu a cikin gwajin na 1998 wanda bai kamata a tsallake ba. Mata 8 cikin 18 ba su samu sauƙi ba ko da aka kwantar da gidan ƙwai. Wannan yana nuna cewa ba duk abin da ake kira matsalar gabanin haila ne ke da tushe guda ba.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Hanyoyi biyu ne masana suka fi bi wajen gano yadda motsin homon ke taɓa yanayin rai.

Ta farko ta bi ta kan furojestaron. Jiki yakan sarrafa wani ɓangare nasa ya zama wani sinadari mai suna alofiregnanolon, wanda ke shiga ƙwaƙwalwa. A can yana aiki a kan tsarin da ke rage gudun jijiyoyi, tsarin da masana ke taƙaita sunansa da haruffan GABA. Nan ne barasa da yawancin magungunan kwantar da hankali ke yin nasu aikin. A bisa ƙa'ida, kenan, wannan sinadari ya kamata ya sanyaya rai. Amma Torbjörn Bäckström da abokan aikinsa na Jami'ar Umeå a ƙasar Suwidin sun shafe shekaru suna nuna cewa a wajen wasu mata yana yin akasin haka, yana jawo fushi da fargaba, kamar yadda maganin barci kan tayar wa wasu tsirarun mutane hankali maimakon ya kwantar. Wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2016 ya ƙarfafa wannan zato: da aka ba mata wani magani da ke hana furojestaron rikiɗewa zuwa wannan sinadari, alamomin suka ragu a wajen yawancin waɗanda suka sha babban awo. Sai dai wani magani da aka ƙera musamman domin toshe aikin sinadarin, bayan ya ba da fata a gwajin farko, bai cim ma babban burin gwaji na biyu ba. Hanyar tana da hujja, amma ba ita kaɗai ce labarin ba.

Ta biyu ta bi ta kan sirotonin, ɗaya daga cikin sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, wanda ke da hannu a yanayin rai da barci da sha'awar abinci. Istrojin da furojestaron duk suna taɓa yadda ake samar da shi da yadda ake kwashe shi. An gwada rage wa mata masu matsalar sinadarin da jiki ke gina sirotonin da shi, sai alamominsu suka tsananta. An kuma gwada ba su magungunan ciwon damuwa masu ƙara ƙarfin sirotonin, irin su fulokzetin, sai da yawansu suka samu sauƙi. Wani babban gwaji da aka yi a Kanada, wanda ya fito a 1995, yana cikin waɗanda suka tabbatar da haka. Abin lura shi ne saurin aikin. Mai ciwon damuwa yakan jira makonni kafin ya ji amfanin maganin, amma mai matsalar gabanin haila takan ji shi cikin 'yan kwanaki, har ma likita kan iya rubuta mata shi na mako biyun ƙarshen zagaye kawai. Wannan bambanci yana nuna cewa larurar tana da nata tafarkin, ba ciwon damuwa ba ne da ya sake riga.

Su kuwa alamomin jiki, kamar kumburin ciki da nauyin nono, sun fi kusa da aikin homon kai tsaye. Furojestaron yana rage motsin hanji, sinadaran biyu suna taɓa yadda jiki ke riƙe gishiri da ruwa, kuma suna sa ƙwayoyin nono su kumbura.

Me ya sa wata, ba wata ba?

Idan jin motsin homon ne asalin matsalar, tambaya ta gaba ita ce abin da ke sa wata mace ta fi wata jin sa.

Gado yana da kaso. Wani bincike a kan tagwaye mata a jihar Bajiniya ta Amurka, wanda ya fito a 1998, ya ƙiyasta cewa kimanin rabin bambancin da ke tsakanin mata a wannan fanni daga gado yake. A 2017 kuma masanan cibiyar nan ta Amurka suka reni ƙwayoyin jinin mata a ɗakin gwaji, suka samu cewa wani rukunin ƙwayoyin gado da ke tsara yadda jiki ke amsa kiran homon yana aiki dabam a wajen masu nau'in mai tsanani. Ƙwayar jinin da ke cikin kwalba ba ta san shagwaɓa ba, ba ta kuma san ranar da haila za ta zo ba.

Rayuwa ma tana da nata kason. Wani dogon bincike da ke bin lafiyar dubban ma'aikatan jinya mata a Amurka tun 1989 ya samu cewa matsalar ta fi yawa a wajen masu shan taba, kusan ninki biyu, da masu ƙiba, da waɗanda suka sha cin zarafi a yarinta. Wasu nazarce-nazarcen sun danganta ta da shan barasa da kuma yawan damuwa. A nan dole a yi hattara. Samun abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Mai yiwuwa taba ta tsananta alamomi, mai yiwuwa kuma alamomin ne ke tura mace ga taba. Amma batun cin zarafi da damuwa ya dace da abin da aka sani game da ƙwaƙwalwa, domin tsarin da ke sarrafa tsoro da fargaba shi ne dai tsarin da alofiregnanolon ke taɓawa.

A fannin abinci, kalsiyam ne ya fi samun hujja. A wani gwaji da aka wallafa a 1998, wanda ya ƙunshi mata fiye da 400, waɗanda suka sha miligiram 1,200 a kullum sun samu raguwar alamomi da kashi 48 cikin 100 zuwa wata na uku. Sai dai waɗanda suka sha ƙwayar bogi su ma sun samu raguwar kashi 30. Wannan adadi na biyu ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne sirrin kasuwar magungunan da ba su da tushe. Kusan duk abin da aka ba mace da sunan magani zai sa wasu su ji sauƙi na ɗan lokaci, kuma shaidar waɗannan ce mai talla ke yaɗawa. Bitamin B6 ma yana da 'yar hujja, amma gwaje-gwajensa ba su da ƙarfi, kuma yawan shan sa na tsawon lokaci yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.

Hujjar masu shakka

Akwai masana da suka daɗe suna cewa an zuzuta batun, kuma adalci ne a saurare su. A 1977 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Diane Ruble ta yi wani gwaji da ɗalibai mata a Jami'ar Princeton. Ta sa suka yarda cewa wata na'ura tana iya faɗin ranar da al'adarsu za ta zo. Ta ce wa wasu saura kwana ɗaya ko biyu, ta ce wa wasu da sauran lokaci, alhali dukkansu suna kusan mataki ɗaya. Waɗanda aka ce wa al'ada ta kusa suka fi ba da rahoton kumburi da ciwo da sauyin cin abinci. A 2012 wani nazari ya duba bincike 47 da aka bi yanayin ran mata kullum, bai samu tabbatacciyar hujjar cewa mata gaba ɗaya suna shiga ɓacin rai kafin haila ba.

Akwai kuma batun kuɗi. A 2000 kamfanin Eli Lilly ya samu izini a Amurka ya sayar da maganinsa Prozac da sabon suna, Sarafem, da sabon launi, domin matsalar gabanin haila, a daidai lokacin da haƙƙin mallakarsa na maganin ke shirin ƙarewa. Masu fafutukar haƙƙin mata sun ji tsoron a mayar da fushin mace na gaskiya ya zama cuta, a kuma samu hujjar cewa mata ba su dace da manyan muƙamai ba. Wannan ce-ce-ku-ce na cikin abin da ya sa larurar ta zauna a rataye a ƙarshen kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka tun 1987, ba ta samu cikakken gurbi ba sai a 2013. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin sabon kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019.

Masu shakka sun yi gaskiya a kan abu biyu: zato yana iya ƙara wa mutum jin ciwo, kuma ba kowace mace ce ke sauya hali kafin haila ba. Mijin da ke share duk ƙorafin matarsa da cewa lokacinta ne ya kusa yana zaluntarta ne da sunan ilimi. Amma hujjarsu ba ta kai ga ƙaryata tsirarun da abin ke kayarwa ba. A gwajin 1998, matan ba su san lokacin da ake ba su homon da lokacin da ake ba su na bogi ba, kuma duk da haka alamomin suka bi homon. Hasali ma, maganar masu shakka da sakamakon gwajin abu ɗaya suke faɗa: larurar ta wasu mata ce, ba ta jinsin mata ba.

Abin da wannan ke nufi a aikace

Abu na farko shi ne babu gwajin jini da zai tabbatar da wannan larura. Macen da aka auna wa homon aka ce lafiyarta ƙalau ba a ƙaryata kokenta ba, domin haka ake sa ran sakamakon ya kasance. Wadda kuma aka nuna wa takarda aka ce ga rikicewar homon, ga maganin da za ta saya, tana da dalilin neman ra'ayin wani likitan.

Abin da ke tabbatar da ita takarda ce da biro. Ƙa'idar likitoci ita ce mace ta riƙa rubuta alamominta kullum har zagaye biyu, ta nuna ƙarfin kowace, ta kuma yi alama a ranakun jini. Mace musulma ta riga ta saba da lissafin kwanakin hailarta da na tsarkinta saboda salla da azumi, don haka ƙara layi ɗaya na yanayin jiki da na rai ba zai yi mata wuya ba. Idan alamomin suka taru a mako biyun ƙarshe, suka ɗauke bayan saukar jini, aka samu aƙalla mako guda sarari, to an gano bakin zaren. Idan kuwa suna nan duk wata, sai dai su ƙaru kafin haila, to akwai yiwuwar wata larura ce ke ƙarƙashi: ciwon damuwa, ko matsalar maƙoshi, ko ƙarancin jini, ko ciwon ɓarin kai. Asma da farfaɗiya ma sukan tsananta a waɗannan kwanaki. Kowace daga cikinsu tana da nata maganin, kuma kiran ta da sunan matsalar al'ada yana jinkirta samun sa.

Ga mai alamomi masu sauƙi, motsa jiki da isasshen barci da abinci mai kalsiyam, irin su nono da madara da ƙananan kifi, da rage gishiri sukan taimaka. Ga mai tsanani akwai hanyoyin da gwaji ya tabbatar: magungunan sirotonin, da wasu ƙwayoyin tsarin iyali masu hana ƙwai fita, da zama da masanin halayyar ɗan Adam. Dukkansu aikin likita ne, ba na mai shagon magani ba, domin wasu matan ƙwayar tsarin iyali takan ƙara musu ɓacin rai maimakon ta rage. Kuma ya zama dole a faɗi wannan ƙarara: bincike ya nuna cewa masu nau'in mai tsanani sun fi sauran mata haɗarin tunanin kashe kai. Macen da irin wannan tunani ke zo mata a ƙarshen kowane zagaye tana buƙatar ganin likita a cikin gaggawa, ba a jira jini ya sauka ba.

Nauyi mafi girma yana kan makarantun koyon aikin lafiya da asibitoci. Tambayar ko alamomin mace suna bin zagayen al'adarta ba ta cin minti ɗaya, ba ta cin ko kwabo, amma tana iya raba mai wannan larura da shekaru na yawo tsakanin masu magani. Saura kuma yana kan mutanen gida. Rigimar da ke tasowa a kwanaki iri ɗaya kowane wata, wadda ke iya kaiwa ga yaji ko saki, ta cancanci a duba kalanda kafin a yanke hukunci. Sanin musabbabi bai ɗauke wa mace alhakin abin da ta furta ba, bai kuma ba miji damar raina kukanta ba. Abin da ya ba su shi ne sanin makon da za a sassauta wa juna, da sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan haƙuri kaɗai bai isa ba.